Yini ɗaya a Rum daga tashar Civitavecchia: motar kamfanin jirgi ko jirgin ƙasa?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. A watan Yuni jirgin ruwan yawon buɗe ido da za mu bi zai tsaya a Civitavecchia, tashar ruwan da ke kusa da Rum a Italiya, daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma. Mu huɗu ne, har da mahaifiyata wadda ba ta jure doguwar tafiya a ƙasa. Muna son ganin Colosseum, tsohon filin wasan Rumawa, da Vatican, mazaunin Fafaroma. Kuɗin da kamfanin jirgin ya sa wa motarsa ya yi yawa. Za mu iya zuwa da kanmu mu dawo kan lokaci? Fasfonmu na Najeriya ne.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Za ku iya, amma ki fara lissafi daga dawowa. Jirgin da zai tashi ƙarfe 7 yakan rufe ƙofa da 6:30, kuma ba ya jiran wanda ya fita da kansa. Motar kamfani kaɗai yake jira in ta makara, wannan tabbacin ne ake sayar muku da tsada.

Tsakanin Civitavecchia da Rum kusan kilomita 80 ne. Ba a sauka daga jirgi kai tsaye cikin tashar jirgin ƙasa: akwai bas ta kyauta da ke fitar da fasinja daga cikin tashar ruwa zuwa wani fili da ake kira Largo della Pace, daga nan kuma zuwa tashar jirgin ƙasa tafiyar minti 20 zuwa 25 ce a ƙafa, ko ku hau bas ta gari. Saboda Mama, ku hau bas ko tasi. Wannan guntun shi ke cinye lokacin mutane, domin jiragen ruwa uku ko huɗu kan sauke fasinja a safiya guda, kowa na rububin mota ɗaya.

Jirgin ƙasa na Trenitalia mai tsayawa tasha-tasha bai kai yuro 5 ba a kan mutum. Yana isa Roma San Pietro cikin kamar awa ɗaya ko ƙasa da haka, sai Trastevere, sai Ostiense, ya ƙare a Termini, babbar tashar Rum, bayan kamar awa ɗaya da minti 20. Akwai tikitin yini mai suna BIRG da ya haɗa zuwa da dawowa da bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin Rum. Shi ya fi sauƙi. In tikitin takarda ne, a sa shi a injin da ke bakin dandamali ya buga masa lokaci kafin a shiga, in ba haka ba tara ce, ba ruwan mai duba tikiti da cewa ku baƙi ne.

A taƙaice za ku taka Rum wajen 9:30, ku bar ta kafin ƙarfe 4. Wajen komawa ku nufi jirgin ƙasan da ke da wasu biyu a bayansa, kada ku nufi na ƙarshe.

Hajiya Turai:
Abin da Baban Khalifa ya faɗa daidai ne, sai dai ni ban goyi bayan haɗa wuraren biyu ba. Awa shida ne a hannunku, ga dattijuwa, ga zafin Yuni. Taura biyu ba ta taunuwa.

In Colosseum kuka zaɓa, kada ku je Termini. Ku sauka a Ostiense, ku bi hanyar da ta haɗa ta da tashar Piramide, ku hau layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tasha ta biyu ita ce Colosseo, kuna fitowa ga ginin nan a gabanku. Tikiti yuro 18 ne, ya haɗa da Forum, wato kufan dandalin tsohuwar Rum, da tudun Palatino, yana da lokacin shiga, kuma da sunan mai shi a jiki, don haka kowa ya riƙe shaidarsa. A saya a shafinsu na intanet tun da wuri, a zaɓi 10:30 ko 11, ba 9:30 ba, domin jinkirin minti 20 na jirgin ƙasa ya isa ya ɓata tikitin. Ginin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya yana da lif zuwa bene na sama, wannan zai taimaki Mama. Forum ne matsalar: duwatsun daɓensa manya ne, masu santsi, ba a jere suke daidai ba, inuwa kuma sai an nema. Gara ku kalle shi daga titin Via dei Fori Imperiali kuna tafiya a hankali zuwa Piazza Venezia.

Vatican kuma abu biyu ne da mutane ke ruɗawa. Shiga cocin San Pietro kyauta ne, layin binciken jaka ne kawai, amma da rana yakan kai awa guda a filin da babu rumfa. Gidan tarihin da ya ƙunshi Sistine Chapel, ɗakin ibadar da ya yi suna da zane-zane, ƙofarsa daban, kuɗinsa daban, tafiyar cikinsa ta kilomitoci ce, kuma a rufe yake ranar Lahadi sai ta ƙarshen wata. Da dattijuwa a cire shi a lissafi. Ran Laraba da safe kuma Fafaroma kan gana da jama'a, cocin ba ya buɗewa ga masu ziyara sai bayan an watse.

Shawarata: Colosseum da safe, tasi zuwa Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa (akwai kuɗin shiga), abinci a wajen, sannan tasi zuwa filin San Pietro a yi hoto daga waje. Daga filin zuwa tashar Roma San Pietro minti 15 ne a ƙafa, kuma kan hanyar komawa take.

Ɗan Agadas:
Gyara kaɗan, Hajiya Turai. Jirgin da ya taso daga Termini da yamma kafin ya iso San Pietro yawanci ya cika, Mama za ta iya tsayuwar awa guda. Mai son kujera sai ya hau daga Termini, amma dandamalin jiragen Civitavecchia na can ƙarshen tasha, lamba 25 zuwa 29, tafiyar minti 10 daga babban zaure. Ostiense ce tsaka-tsaki.

Batun fasfo: bizar Schengen, wadda Italiya da wasu ƙasashen Turai ke amfani da ita tare, dole ce, kuma ki duba jerin tashoshin jirgin ruwanku. In zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ko Montenegro ya dawo, mai shiga sau da yawa kuke buƙata; mai shiga ɗaya tana mutuwa da zarar an fita. Ki kuma binciki kalmar sciopero tare da ranar zuwanku. Yajin aikin jiragen ƙasa ne, ana sanar da shi tun kafin lokaci, ya fi faɗowa ran Juma'a. In ya dace da ranarku, ki biya motar kamfani kawai.

Ki ɗauki hoton takardar shirin yini da ake rabawa a jirgi, lambar wakilin jirgin a tashar tana ciki. Jaka a gaba a layin B da bas mai lamba 64, 'yan sane sun san masu zuwa daga jirgin ruwa.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Mun haƙura da gidan tarihin. Abinci da salla fa?

Hajiya Turai:
Taliyar Rum uku da suka fi suna, carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yinsu, wato kumatun alade. Ku nemi cacio e pepe, taliya ce da cuku da masoro, ko pizza margherita, ko kifi. Ku ce "senza maiale", wato ban da alade, ku kuma tambayi strutto, kitsen alade ne da kan shiga wasu burodi. Ruwan famfunan titi da suke kira nasoni na sha ne, ku tafi da gora.

Babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995 yana can arewacin gari, zuwa da dawowa zai ci muku fiye da awa guda. Ku matafiya ne, ku haɗa Azahar da La'asar in kun koma jirgi. A Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan 8:30.