Shigar zuwa coci a hunturu: abin da mata suka ce

'Yan'uwa mata, ga abin da na tsinta daga maganganunku kan sanyin Disamba da Janairu a Gombe.

1. Kusan kowa ta yarda: siririyar rigar sanyi a ciki, atamfa a sama. Leshi kam iska na ratsa shi, musamman a sujadar safe.
2. Gyale mai kauri ya fi babbar rigar sanyi, don kafin a tashi rana ta buɗe, sai ki yaye shi.
3. Ɗankwali ya rufe kunne, man kaɗanya a ƙafa saboda kaushi.
4. Wando ƙarƙashin zani ne ya raba kawuna. Wasu iyayenmu na Billiri da Kaltungo sun ce sam, 'yan mata suka ce ai ba a gani. Ni dai ina bayan 'yan matan.
5. Ranar ankon zumuntar mata, kada rigar sanyi ta rufe shi.