Ɗalibin da ya ce aikin taimakon jama'a zai yi bayan bak: a bar shi ko a karkatar da shi?

Malamin lise: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ga maganar da nake so mu tattauna tun yara ba su fara cika takardun zaɓen fanni ba. A ganina, ɗalibin da ya ce zai karanta sosiyoloji ko aikin asistan sosiyal bayan bak, ɗaki ne zai gina a filin aro. Aikin nan kusan duka a hannun ƙungiyoyin agaji yake, su kuma kuɗinsu daga waje yake zuwa. A watan Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin hukumar agajinta, USAID, a Fabrairun shekarar gwamnatin Nijar ta nemi ƙungiyar Kuros Ruj ta duniya, CICR, ta bar ƙasar. Furoje ya tsaya, ma'aikaci ya koma fada shan shayi. Shawarata ga duk yaron da ke da ƙwaƙwalwa: ya matsa ya shiga seri D ko C, na kimiyya da lissafi, ya nemi likitanci ko wata sana'ar hannu. Wanda yake da hujjar da ta fi wannan ya kawo.

Ma'aikaciyar kare yara: Wa alaikumus salam Malam. Abin da ka faɗa game da furoje gaskiya ne, amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Akwai furoje, akwai sarbis. Furoje yana da ranar farawa da ranar rufewa, kwantiraginsa wata shida ne ko shekara. Sarbis kuwa na ƙasa ne: ofishin taimakon marasa ƙarfi a babban asibitin Zinder, cibiyoyin CEPPP na kare yara, alƙalin yara a kotu wanda ba ya yanke hukunci mai kyau sai da rahoton binciken gida, gidan kaso, ma'aikatar magajin gari. Waɗannan ba su tashi don wani ya ɗauke kuɗinsa ba. Ko kuɗin waje ya tafi, yaron da aka tsinta a tasha yana nan, yarinyar da aka cire daga aji biyar aka ɗaura mata aure tana nan.

Kuma Malam ka tuna da Oktoban 2013, lokacin da aka tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da ƙananan yara, akasari daga yankin Kance. Har yau ana dawo da mata da yara daga bara. Wa zai zauna da su, ya gano garinsu, ya mayar da yaron lakwal? Likita ba zai yi wannan ba, ba aikinsa ba ne.

Malamin lise: Hajiya, ban ce babu buƙata ba. Buƙata kam ta yi yawa. Na ce babu ɗauka. Buƙata ba ta biyan albashi. Yaro ya gama lisans shekara 3, ya yi sarbis sibik, wato bautar ƙasa, shekara 2, sannan ya zauna jiran konkur ɗin da ba kowace shekara ake buɗewa ba.

Majo na CSI (shugaban likitar unguwa): Malam, wannan jiran ai bai bar kowa ba. Je ka ƙirga masu difloman jinya da ungozoma da ke aikin sa-kai a likitocin garin nan da na Mirya da Magarya, shekara da shekaru babu lambar aiki. In dai jira ne hujja, to ta faɗa kan fannin lafiyar da kake tura yaran. Abin da ya kamata mu yi wa ɗalibi shi ne mu nuna masa ƙofofin kowace da tsawonta, ya zaɓa ido buɗe.

Mai BEPC yana iya neman horon ASB, ma'aikacin lafiya na matakin farko, shekara 3. Mai bak yana iya neman lisans na jinya ko na ungozoma, shi ma shekara 3, kuma ga ENSP, makarantar lafiya ta gwamnati, nan cikin Zinder ba sai an je Yamai ba. Likitanci a Jami'ar André Salifou yana son bak C ko D, kuma shekara bakwai ce zuwa sama, sai gidan da zai iya ɗaukar nauyin yaro tsawon wannan lokaci. Mai bak A ƙofarsa sashen adabi da ilimin zamantakewa, ko koyarwa, ko shari'a. Sharuɗɗan shiga suna canzawa, don haka sanarwar konkur ta shekarar ita ce alƙali, ba abin da wani ya ji a bakin wani ba.

Inda iyaye suka fi asara shi ne makarantun lafiya masu zaman kansu. Kafin a biya ko dala, a nemi ganin takardar izinin gwamnati, a kuma duba cewa izinin ya shafi ainihin fannin da yaron zai karanta, don makaranta tana iya samun izinin fanni ɗaya ta buɗe uku. A tambaya ko ɗalibanta suna zama jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa ta ma'aikatan lafiya, a tambayi asibitin da suke zuwa sitaj. Makarantar da ta kasa amsa waɗannan ukun, a ɗauke ƙafa.

Malamin jami'a: Zan goyi bayan Malam a rabi guda. Lisans na sosiyoloji shi kaɗai ba sana'a ba ne. Yana koya wa yaro fahimtar al'umma da yin bincike, amma ba ya koya masa yadda ake buɗe dosiyen yaro ko yadda ake zama da uwar da ɗanta ya rasu jiya. Da yawa suna shiga sashen ne don bak A ta kawo su, ba don sun san inda za su fita ba. Wanda ya shiga haka, maganar Malam ta same shi.

Wanda ke fita da aiki shi ne wanda ya ɗora abu a kan takardar. Ya iya rubuta rahoto shafi biyu da Faransanci mai tsabta. Ya iya Excel da cika tambayoyin bincike a waya da manhajar KoboCollect. Yana da lasisin tuƙa babur, don aikin ƙauye ne. In ya ƙara da Barbarci don yankin Gure, ko Fillanci, ko Buzanci don Tanut, ya wuce sa'o'insa nesa. Kuma Hausar ma sai an gyara: bayyana wa tsohuwa ma'anar amincewa da sirri da Hausar da za ta gane wani ilimi ne daban.

Ma'aikaciyar kare yara: Madalla da wannan. Bari in buɗe aikin kansa, don yara da yawa suna zaton rabon shinkafa ne da ɗaukar hoto. Idan aka kawo rahoton yaro, abu na farko a tabbatar yana cikin aminci a daren nan: ina zai kwana, ya ci abinci, akwai rauni a jikinsa? In akwai rauni ko fyaɗe, likita ne farko kafin kowace tambaya, kuma a fyaɗe ana son a isa cikin awa 72 saboda maganin kariya daga cutar sida. Bayan haka a saurari yaron shi kaɗai, a wurin da ba a jin magana daga waje, ba a gaban wanda ake zargi ba. Ba a sa masa magana a baki. Ba a ce "Kawunka ne ya buge ka, ko?" Ana cewa "Faɗa mini abin da ya faru."

Sannan a je gida. A ga ɗakin, a ga rumbun, a ji ta bakin uwa daban, uba daban, a gaida mai unguwa don ba a shiga gari ta bayan masu gari. Daga nan a rubuta shiri: wa zai yi me, zuwa yaushe. Wani yaron takardar haihuwa kawai ta hana shi zama jarrabawa, sai a bi masa hukuncin kotu. Wani sai an kai maganarsa gaban alƙalin yara. A riƙa komawa ana dubawa, ba a rufe dosiye sai an ga abin ya zauna.

Inda sababbi ke faɗuwa wuri uku ne. Alkawarin abin da ba ya hannunsu, don tausayi ya kama su, sai iyali su daina yarda da ofishin gaba ɗaya. Sakin baki: a Damagaram kowa ɗan'uwan kowa ne, kalma ɗaya a wurin biki ta isa ta tona asirin yarinya daga Birni har Zango. Na uku, mayar da yaro gida da gaggawa ba tare da an gyara abin da ya kore shi ba, bayan sati biyu sai a sake ganinsa a tasha. Dosiye kuwa a kabad mai makulli yake kwana, ba a waya ba, kuma hoton yaro ba ya hawa WhatsApp ko da niyyar neman taimako ce.

Malamin lise: To Hajiya, wannan da kika zayyana ai nauyi ne babba. Yaro ɗan shekara 17 ta ina zai san ko zuciyarsa za ta ɗauka?

Ungozoma: Ta gani, Malam. Gani ya kori ji. Kuma ba sai ya gama lise ba. Babban hutu yana faɗowa daidai lokacin da likita ta fi cika, damana, ga zazzaɓin sauro ga rumbu ya yi ƙasa. Uba ya ɗauki ɗansa ko ɗiyarsa ya je wurin majo na unguwarsu, ya nemi izini a bar yaron ya zauna gefe ranar awon yara. Ba zai taɓa allura ba, ba zai shiga ɗakin haihuwa ba, ba zai buɗe rajista ba. Kallo zai yi, ya taya jera uwaye.

Can zai ga yadda ake naɗa zaren awo a tsakiyar damtsen hagu na yaro ɗan wata 6 zuwa 59. In ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ruwan ɗorawa daga 115 zuwa ƙasa da 125, kore daga nan zuwa sama. Zai ga ana danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa uku, in ramin ya zauna to kumburi ne, ko da damtsen ya nuna kore. Zai ga ana ba yaro Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na maganin tamowa, a gwada cinsa. Wanda ya ci, a sa shi CRENAS, wato jinyar tamowa daga gida, uwa ta riƙa zuwa duk sati. Wanda ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi ko amai, sai CRENI, sashen tamowa na asibiti, a kwantar da shi a fara da madarar F-75.

Abin da nake so ɗalibin ya lura da shi ba zaren ba ne, wannan a yini ɗaya ake koya. Ya lura da yaron da sati uku nauyinsa bai motsa ba. Mafi yawan lokaci ba maganin ne ya kasa ba: ana raba Plumpy'Nut ɗin da yayyensa don su ma yunwa suke ji, ko an sayar an sayi hatsi, ko uwar ta daina zuwa don noma ya kama kuma tafiyar da nisa. Wanda zai zauna da wannan uwa ba tare da ya daka mata tsawa ba, ya gano dalilin, ya je ya yi magana da maigidan, shi ne ma'aikacin da muke magana a kai. Ɗalibin da ya ga wannan ya dawo gida yana tambaya, a bar shi ya bi hanyar. Wanda warin ɗakin da kukan yara suka kore shi tun ranar farko, alhamdu lillahi ya gane da wuri, ya nemi wani fannin, ba abin kunya ba ne.

Majo na CSI: Haka ne Hajiya. Akwai kuma rabon maganin riga-kafin zazzaɓi gida-gida daga Yuli zuwa Oktoba ga yara ƴan wata 3 zuwa 59. Bin masu rabon yini ɗaya kawai yana nuna wa yaro yadda ake sallama a ƙofar gida da yadda ake shawo kan mai gidan da ya ƙi.

Malamin lise: Na karɓi maganar gani da ido, zan kuma faɗa wa iyaye a taronmu. Amma ban sauka daga kan seri ba. Mai bak D yana iya juyowa ya yi aikin jama'a in ya ga dama. Mai bak A ba ya iya juyawa ya yi likitanci. Don haka yaron da makinsa na lissafi da kimiyya ya kai, kada ya gudu zuwa A tun daga segwan, ajin farko na lise, don tsoron wahala, ya rufe wa kansa ƙofa yana ɗan shekara 15.

Malamin jami'a: A nan ba ni da ja, Malam. Sai dai a kiyaye ɗaya gefen: yaron da aka tura D da ƙarfi alhali harshe da rubutu ne ƙarfinsa, ya faɗi bak sau biyu, ya fita babu ko ɗaya. Bak A a hannu ta fi bak D da ba a samu ba. A duba makin shekara biyu a jere kafin a yanke, ba burin uba kaɗai ba.

Ma'aikaciyar kare yara: Kuma ko wace seri ce, Malam, don Allah ku sa ɗaliban segwan su kawo takardar haihuwarsu ku gwada da takardar BEPC harafi da harafi. Suna ɗaya ana rubuta shi iri biyu, ko ranar haihuwa ta bambanta, sai ranar ajiye dosiyen konkur a mayar da yaro, gyaran kuma sai an bi ta kotu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar zama ɗan ƙasa ma a nema tun yanzu, ita ba ta lalacewa. Kaziye judisiyar, takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum, shi kawai za a bari sai an ga sanarwa, don wata uku yake yi ya mutu, haka ma takardar gwajin likita.