Masu zama gidajen rukuni a Sakkwato, wa ka gyara muku sokawe in ta cika?

Mai fulat na tsakiya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah duk wanda ke zaune gidajen rukuni nan cikin Sakkwato, ko waɗanda gwamnati ta sayar ma ma'aikata ana cirewa cikin albashi, ko wanda ya samu ta lamunin banki, ya zo ya faɗi abin da ya gani da idonshi, ba na an ce an ce ba. Ni dai ga nawa. Bulok ɗinmu fulat 6 ne, biyu ƙasa biyu tsakiya biyu sama, sokawe guda muke tarayya, wato ramin da ruwan bayan gida ke taruwa. Tun cikin Agusta ta cika ta fara tumbatsa bayan tagar maƙwabcina na ƙasa. Na tafi ofishin da ke cire mani kuɗin gida duk wata, sunka ce malam ai gida naka ne, mu karɓar kuɗi kawai muka yi. Na ce madalla, tunda nawa ne a ba ni takardar mallaka, sunka ce a'a sai ka gama biya. Na wuce sakatariyar ƙaramar hukuma, wani dattijo ya saurare ni tsaf har da ba ni kujera, ƙarshe ya ce rukuninku ba mu munka gina shi ba, ku koma inda kunka fito. Abin dariya abin kuka, bayan sati biyu sai ga duba-gari da takardar gargaɗi wai muna gurɓata unguwa. Wato wurin gyara ba a san mu ba, wurin tara an san ƙofarmu.

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Wallahi malam kamar ka shiga gidana ka rubuto. Mu ƙasa muke, kuma wanda ke ƙasa shi ka shan wahalar sokawe, na sama ya zuba ruwa ya rufe ƙofa ya kwanta abinshi, wari bai kai mishi ba balle ruwan. Bara sai da na kwashe ɗiyana na kai su gidanmu a unguwar Mabera sati guda, ka ji fa, Mabera da kowa ya san halinta na ambaliya da damina ita na gudu na fake. Maigidan ya bi ƙofa ƙofa neman a haɗa kuɗin motar zuƙa, mutum biyu sunka bayar, guda ya ce sai ƙarshen wata, har yau watan nan nashi bai ƙare ba.

Na can sama:
Hajiya Allah shi huci zuciyarki amma a riƙa yi muna adalci mu na sama. Lokacin da iskar farkon damina ta yaye muna kwano ta kai shi bayan masallaci, wa ya leƙo? Silin ya jiƙe ya zubo bisa katifa, waya ta yi ta tartsatsi, na ƙasa sunka ce ai rufinka ne. Rufina ni kaɗai? In babu rufin nan ruwan ina za shi in ba kanku ba? Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, mu kwanon ke gasawa kamar masa a tanda, ku kuna ƙasa cikin inuwarmu. Ni na saye kwano da katako da ƙusa na kira kafinta, ban ga sisin kowa ba, shi ya sa da anka zo mani da maganar sokawe na ce a fara lissafi daga rufi. Na san ban kyauta ba, amma zuciya ce.

Maman 'yan biyu:
To yaya ai ka ga matsalar ke nan, kowa na jiran ranar ramuwa, masai kuwa ba ta jira.

Tsohon ma'aikacin filaye:
'Ya'yana ku bari in sa baki, na yi shekaru ina juya fayil ɗin filaye kafin in aje aiki. Abu biyu ne kuke haɗawa wuri guda. Na farko maganar ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk filin da ke cikin birni a hannun gwamnan jiha, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, kuma ko jingina za ka yi da gidan a banki sai da amincewarshi. Ƙaramar hukuma filayen karkara take ba da takarda kansu. Saboda haka dattijon da ya ce maka ba su sunka gina ba, ta fuskar ƙasa da kuɗin gida bai yi ƙarya ba, ba ya da hurumin duba lissafin abin da ake cire maka.

Amma na biyu, nan ne ya zame maka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma ƙarara, ciki har da kwashe shara da ƙazantar bayan gida, gyaran tituna na cikin unguwa da magudanun ruwa da fitilun titi, sa ma tituna suna da ba gidaje lamba, da kimanta gidaje don karɓar harajinsu. Ba a ce ban da gidajen rukuni ba. To ramin sokawe da ke cikin harabarku naku ne, wannan kada ku wahal da kanku, amma kwalbatin da ke bakin titi da ya toshe yake maido muku ruwa, wannan kuna da bakin magana a kanshi. Kuma ku bar zuwa da baki, ku rubuta, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a guda ku dawo da shi gida. Maganar baki a ofis iska ce.

Sannan ku ɗauko takardar alokeshan ɗinku, wato wadda anka ba ku fulat da ita, ku karanta. Yawancin waɗanda nig gani lambar fulat ce da kuɗi da shekarun biya, shi ke nan. Babu layi guda da ya ce rufi na wane ne, matakala ta wane ce, tankin sama da famfo wa ke da alhakinsu. An ɗauko takardar da ta dace da gida mai katanga shi kaɗai an liƙa ma bene mai iyali 6. Tun daga nan rigimar Hajiya da na sama ta samo asali, ba daga halinsu ba.

Ma'aikacin tarayya:
Allah shi ƙara girma Baba. Ni ta ɓangaren lamuni zan yi magana. Tun da na kama aiki ake cire mani kashi 2.5 cikin ɗari na albashina zuwa asusun gidaje na ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi. A ƙa'ida in ka yi wata 6 kana zubawa kana iya neman lamuni, ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har shekara 30, kuma ba kai tsaye kake zuwa ba sai ta hannun wani bankin lamunin gidaje. Na samu fulat wajen unguwar Arkilla, mai shi ya matsu zai sayar, munka daidaita kuɗi har munka yi musabaha. Da anka zo haɗa takardu sai aka ce a kawo shaidar mallaka, mutumina ya shiga ɗaki ya fito da takardar alokeshan da rasit rasit a leda, wasu ma ɓera ya taɓa. Ashe shi ma wurin wani ya saya, wancan kuma sunanshi ne har yanzu a fayil, kuma ya koma garinsu. Banki ba ya jingina da leda. Wata 8 ina bin abin nan kafin in haƙura, yanzu haya nike, ana ci gaba da cirewa, na dai sa rai in na yi ritaya a maido mani abin da na tara tunda doka ta ce ana maidowa.

Ɗalibin zaure:
Allah shi sa hakan ya fi zama alheri yaya. Ni tsakani da Allah kashi 6 ɗin nan ne ya hana ni ko tambaya, riba riba ce ko kaɗan ce. Akwai tsarin haya-har-ka-mallaka, akwai kuma bankunan da ba su ta'ammali da ruwa, amma kowa ya kai takardar wurin malaminshi a duba kafin ya sa hannu, suna kaɗai ba ya halatta abu.

Uwar marayu:
Ni ban so in yi magana ba amma ko wani zai amfana. Maigidana Allah shi jiƙanshi ya rasu saura kaɗan ya gama biyan gidan da muke ciki. Bayan na fita takaba ƙanenshi ya raka ni ofis, sunka ce za a cire ragowar cikin haƙƙinshi na aiki, munka ce mun yarda. Haƙƙin bai fito ba, takardar gida ba ta fito ba, kowane na jiran ɗan uwanshi. Da anka zauna rabon gado alƙali ya ce a kawo shaidar gida, babu, sai anka raba sauran kaya anka bar gidan a rataye. Yanzu katangar banɗaki ta tsage tun daga sama har ƙasa, ina iya sa hannuna ciki, ina tsoron in kashe kuɗin marayu in gyara gobe a ce ba namu ba ne, ina kuma tsoron in bari ta faɗo ma yaro. Abin da ya cece ni guda ne, marigayin yana aje takardar albashinshi ta kowane wata cikin wata tsohuwar jaka, lokacin har faɗa nike mishi wai yana tara muna shara. Da lissafinsu ya nuna wata 11 ba a biya ba, jakar nan ta fidda mu. Don Allah maza ku aje takardunku, ku kuma nuna ma matanku inda suke.

Mai fulat na tsakiya:
Innalillahi. Allah shi jiƙanshi da rahama Hajiya, Allah shi raya abin da ya bari. Wallahi yanzun nan na tashi na duba nawa, rabi babu.

Ɗan haya:
Mu fa 'yan haya ba a sa mu a lissafi. Mai fulat ɗina yana Abuja, sau ɗaya na taɓa ganinshi, wakili ke karɓar kuɗi. In taransifoma ta ƙone a zo ƙofata, in famfon borhol ya lalace a zo ƙofata, in na ce a cire cikin kuɗin haya wakili ya ce Alhaji bai san da wannan ba. Amma ranar mitin sai a ce masu gida kawai ke da ƙuri'a. A layinmu fiye da rabi haya muke, waɗanda anka ba gidajen da yawa ba su taɓa kwana ciki ba.

Ma'ajin layinmu:
To bari in kawo namu ko za a ɗan ji sanyi, ba wai mun fi kowa ba ne, mu ma sai da munka kusa kai juna ga 'yan sanda. Abin da munka yi, mun tara kowa ƙofar masallaci bayan isha'i, mai gida da ɗan haya, munka gayyato mai unguwa da liman su zama shaida. Anka rubuta shafi biyu kacal, rufi, matakala, sokawe, tanki, borhol, fitilar waje duk na kowa ne, abin da ke bayan ƙofarka naka ne. Kowane fulat naira 3,000 a wata, ɗan haya ya biya a ba shi rasit ya je su ƙare da mai gida, kuma wanda ke biya shi ke da ƙuri'a. Kuɗin ba ya kwana hannuna, asusun banki ne mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga ciki mace ce, don mata sunka ce su ke wuni da matsalar ruwa ba mu ba, kuma gaskiyarsu. Duk Juma'ar farkon wata ina karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin fetur ɗin mashin ɗina in na je sayen kaya.

Wanda ya ƙi biya wata uku ba mu zage shi ba mu kai ƙara, bawul ɗin ruwanshi kawai muke rufewa. Kwana biyu yana sayen jarka wurin 'yan ga-ruwa yana hawa da ita bene zai zo da kanshi. Marayu da wanda albashinshi ya tsaya an ɗauke musu, wannan liman ne ya kafe a kai kuma ba wanda ya musa. Da kuɗin nan munka sa ma borhol sola, yanzu ko an ɗauke wuta tanki na cika kafin azahar. Inda munka kasa shi ne kwalbatin bakin hanya, ya fi ƙarfin aljihunmu, mun rubuta sau uku, kansila ya zo ya ɗauki hoto ya tafi.

Sarkin musu:
Hoton ma ai kun samu. Tun Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna da 23 a jihar nan, ni dai kwatar ƙofar gidana ba ta ji labarin hukuncin ba tukun. Kuma ma'aji ka yi hankali, in kunka iya komi da kanku sai a ce ai ba ku buƙatar kowa, harajin gida kuwa ba za a manta da ku ba.

Tsohon ma'aikacin filaye:
Ɗana ba ka yi ƙarya ba, shi ya sa na ce a rubuta. Kuma rukuni guda na iya faɗawa ƙaramar hukumar da ba ita kuke zato ba, birnin ya faɗaɗa ya shiga Wamakko da Dange Shuni da Kware, mutum na ganin yana cikin gari alhali sakatariyarshi na wani wuri. Ku duba katin zaɓenku kafin ku kai takarda inda ba nan ba.

Mai fulat na tsakiya:
Na gode ƙwarai jama'a. Baba na duba katin, ashe ma sakatariyar da na je ba tamu ba ce, dattijon nan bai gaya mani ba ko shi ma bai lura ba. Ma'aji don Allah turo mani hoton shafi biyun nan naku in kwafa, zan kai ma liman gobe bayan asuba. Motar zuƙa dai mun yi da ita Asabar, mutum 4 cikin 6 sun bayar, na saman guda ya ce sai an fara maganar kwanonshi, ɗayan kuma wayarshi kashe tun shekaranjiya.