Na'urar CD ɗin Baba ta ƙi karanta faifai

Autan Baba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na'urar CD ɗin tsohonmu ce ta fara gardama tun satin jiya. In an sa faifai tire ya shige lafiya lau, ta ɗan yi ƙus-ƙus kamar za ta kama, can sai ta rubuto NO DISC, wato babu faifai. Ta haura shekara 20 a ɗakinsa, da ita yake sauraron karatu bayan asuba. Na kawo masa 'yar sifika mai memori, ya ce shi bai iya da waɗannan maɓallai kamar idon kaza ba. Ya zan yi?

Bazazzagi: Wa alaikumus salam. A 2000 da nawa muke ne jama'a? CD kuma?

Maman Biyu: Kai dai Allah ya shirye ka. Tsoho ya ce abinsa yake so, ina ruwanka.

Mai Dalma: Auta, kafin ka taɓa sukundireba amsa min abu uku. Duk fayafayan ne take ƙi ko wasu? Na kamfani ne masu farin azurfa, ko waɗanda aka ɗora a kwamfuta masu ɗan kore ko shuɗi a ƙasa? Sannan in ka kanga kunne, kana jin faifan yana juyawa ko shiru?

Autan Baba: Oga yawanci na ɗorawa ne, an rubuta sunan sura da maka a kai. Akwai guda biyu na kamfani da ya zo da su daga Hajji. Ban gwada su ba tukuna.

Mai Dalma: To su za ka fara gwadawa. Faifan ɗorawa ba ya mayar da haske kamar na kamfani, shi ya sa in ido, wato abin da ke karanta faifan a cikin na'urar, ya yi datti ko ya fara gajiya, su yake fara ƙi. In ta karanta na Hajjin ta ƙi sauran, da sauran rai a jikinta.

Alhaji Na Kwari: Man goge baki. Ka shafa a faifan ka wanke. Magana ta ƙare.

Malamin Firamare: Auta, tsaya ka ji tawa kafin ka ɗauki kayan Baba ka kai wa kowa, don ni na ga ta kaina. Tawa ma haka ta fara, NO DISC, wani lokaci in na buɗe na rufe sau uku sai ta kama. Na kai wa wani mai gyara a bakin titinmu, ban ma gama bayani ba ya kwance ta, ya sa ɗan siririn sukundireba ya murɗa wani ƙaramin abu a jikin idon. Nan take ta kama karatu tangaran. Na biya ina ta sa masa albarka, har na ƙara masa na ruwa. Kwana 12 ta yi, ta mutu murus. Da na koma ya ce ai ido ya ƙare, sai sabo. Na ba da kuɗi aka yi oda daga Legas, muka jira sati biyu. Ya ɗaura, ko motsi. Ya ce 'yan kasuwa sun cuce mu, jabu ne. Muka sake sayen wani, shi ma shiru. Ina ta zagin mutanen da ban taɓa gani ba, ashe ba su da laifi. Sai da wani dattijo da ke gyaran rediyo tun zamanin kaset ya karɓa, ya juya idon a hannunsa, ya yi dariya, ya nuna min wani ɗigon dalma da kamfani ke sawa a sabon ido don kare shi a hanya. Sai an narke shi an cire kafin ya yi aiki. Minti biyu ya cire, ta tashi. Abin da ya fi ƙona min rai, ya ce da ma can bel ɗin tire ne ya saki, ba ya ɗago faifan ya zauna daidai, shi ya sa take kamawa in na buɗe na rufe. Idona na asali lafiyarsa ƙalau, murɗawar nan ce ta ƙara masa wuta ta cinye shi. Abin da na kashe ya isa in sayi wata ta hannu, ga ido guda a durowa har yau ban san me zan yi da shi ba. Don Allah duk wanda ya ce zai "ƙara mata wuta", ka karɓi kayanka ka yi gaba.

Maman Biyu: Innalillahi. Malam sannu.

Bazazzagi: Mai gyaran nan Bakano ne, na rantse ko ba a faɗa min ba.

Alhaji Na Kwari: Ku da har yanzu da tsinken tsintsiya kuke juya kaset, ku ne za ku yi magana?

Bazazzagi: Biro muke sawa Alhaji, mu gari ne na ilimi.

Mai Dalma: Abin da Malam ya faɗa haka yake. Wancan abin da aka murɗa na daidaita ƙarfin leza ne, wato hasken da ido ke karanta faifai da shi, ba a taɓa shi sai da mitar awo, kuma shi ne na ƙarshe in komai ya ƙi. Auta ga yadda za ka yi. Zare waya daga soket tukuna, kuma kar ka kai hannu ɓangaren da wuta ke shiga, kafasita na riƙe caji ko an kashe. Kwance murfin sama. Za ka ga ɗan gilashi zagayayye kamar ƙwayar wake a ƙasan inda faifai ke zama. Samo tsinken goge kunne, ka ɗan jiƙa shi da sifirit mai kyau, in ka samu isopropyl a kyamis ya fi, ka matse kar ya ɗiga. Shafa a hankali, don gilashin a kan wasu siraran wayoyi yake lilo, in ka danna ka lanƙwasa su. Bi da busasshe. Bar shi minti 10. Sai ka jona wuta, ka rufe tire ba faifai, ka tsaya daga gefe kana kallo: ya kamata idon ya zarce can ciki kusa da tsakiya, gilashin ya yi sama da ƙasa sau biyu ko uku yana neman faifai. Kar ka leƙa shi kai tsaye. Hasken CD ba kamar na DVD ba ne mai ja sosai, kusan ba a ganinsa, amma yana nan. In kana son tabbatarwa haska da kyamarar waya.

Autan Baba: Me ya sa sai ya koma tsakiya?

Mai Dalma: Daga ciki CD ke farawa ya yi waje, saɓanin faifan garmaho. A zoben farko na ciki aka rubuta jerin abin da ke faifan, guda nawa ne, kowanne minti nawa. In ba ta karanta wannan ba, a wurinta babu faifai. Shi ya sa in giris ɗin sandar da idon ke tafiya a kai ya bushe ya haɗu da ƙura, ido ya maƙale a hanya, ita ma NO DISC za ta ce. Goge sandar ka sa ɗigon man keken ɗinki, ɗigo ɗaya na ce.

Alhaji Na Kwari: Ni dai man goge baki bai taɓa ba ni kunya ba.

Malamin Firamare: Alhaji fayafayai wajen 30 ne fa suka ƙi a rana ɗaya. Duk zai bi su da buroshi?

Mai Dalma: Yana ɗan taimakawa in ƙarzuwa ce marar zurfi a ɓangaren ƙasa, ban musa ba. Amma a goge daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Kuma abin da mutane ba su sani ba, ɓangaren rubutun nan na sama ya fi hatsari, bayanan suna dab da shi. Ɗaga faifan a rana, in ka ga haske na ratsowa ta 'yan huji, wannan ko man Makka ka shafa ya tafi.

Maman Biyu: Ba wanda ya tambayi ko ana turaren wuta a ɗakin. Tamu da aka buɗe, gilashin har wani danƙo-danƙo ya yi, mai gyara ya ce hayaƙi ne. Kasko kullum a gindin teburin yake, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Autan Baba: Anti kin faɗi gaskiya, Hajiya ba ta fashin turare, ga maganin sauro na kunnawa duk dare.

Na Maraɗi: Ga hunturu kuma. Mu nan in ƙura ta taso ko cikin firij sai ka same ta. Ka ɗinka mata riga in ta gyaru.

Ɗan Kasuwa: Masu buƙatar sifika mai bulutut da fitila da rediyo, caji ɗaya kwana biyu, akwai a hannu. A yi magana ta gefe.

Shugaban Zaure: Ɗan Kasuwa, talla ranar Asabar ce. Wannan na biyu ke nan.

Ɗan Kasuwa: Shawara na bayar ranka ya daɗe.

Bazazzagi: Shawara mai lambar akawun.

Injiniyan Gida: Ni tawa daban ce. In gyara ya ƙi, nemo DVD ko ta hannu ce, kusan duk suna karanta faifan CD na sauti. Ka ja wayar nan fari da ja daga bayanta zuwa AUX, wato ramin shigar da sauti, na na'urar Baba, sautin ya fito ta sifikokin da ya saba. Rimot ne kawai zai canja. Amma tun yanzu, yau ɗin nan, ka kwafe fayafayan a kwamfuta. Na ɗorawa ba sa jure zafi, launinsu na dusashewa, wata rana ko sabuwar na'ura ba za ta karanta su ba.

Malamin Firamare: Kwamfutocin yanzu ma ina suka ga wurin sa faifai?

Injiniyan Gida: Akwai na waje mai USB. Ko ka je wurin masu turi, tsofaffin kwamfutocinsu na da shi.

Na Maraɗi: Waɗannan su tura maka har da abin da ba ka ce ba.

Autan Baba: Jama'a na dawo. Na Hajjin guda ɗaya ya kama kafin ma in buɗe, ɗayan ya ƙi. Na kwance na goge kamar yadda Oga ya ce, audugar ta fito ruwan ƙasa. Na kuma tarar da gawar kyankyasai biyu da wata naira ɗaya ta ƙarfe, ban san wa ya jefa ba. Yanzu tana karanta na Hajjin duka biyu da wasu daga na ɗorawa, amma in ta yi nisa sai ta riƙa tsalle, musamman surorin ƙarshe.

Bazazzagi: Nairar tawa ce.

Mai Dalma: Madalla, an samu ci gaba. Tsalle a ƙarshe yana nufin in ido ya kusa bakin faifai ne yake wahala. Ka goge sandar kuwa? Duba har ƙarshenta, da haƙoran giyar, wani lokaci busasshen giris ne ya taru a can. In ka yi haka ba ta daina ba, karanto min lambar da ke kan takardar jikin idon. Da yawa na shekarun nan KSS-213 ne ko SF-P101, kuma har harafin ƙarshe da yawan layin wayar sai sun zo ɗaya, kar ka saya da ka.

Malamin Firamare: Bari in duba na durowata, in lamba ta zo ɗaya ka zo ka ɗauka kyauta, in huta da ganinsa.

Autan Baba: Allah ya saka Malam. Sandar ban taɓa ba, an ɗauke wuta, ga Baba ya tsaya a kaina yana tambayar sukurori nawa na kwance, wai ya ƙirga shida ya ga biyar.

Maman Biyu: Duba ƙarƙashin darduma.

Alhaji Na Kwari: Wai ni wa ya san inda ake samun bel ɗin kaset? Akwai wata tawa da ke tauna zare.

Bazazzagi: Au, ashe kai ne mai tsinken tsintsiyar.