Wanda ya taɓa yin zazzaɓin denge ko korona ya zo ya ba mu labari

Abban Hanif

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka taɓa kwanciya da zazzaɓin denge ko korona, ko suka yi jinyar wani, su faɗa mana yadda abin yake a jiki. Ƙanina ne ya dawo daga Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, can yake kai shadda da atamfa daga Kwari, bai daɗe da dawowa ba jiki ya ɗau zafi, kai kamar zai tsage, gaɓoɓi duk sun riƙe. Gida ya rabu biyu, Hajiyarmu ta ce maleriya ce da taifod kamar kullum, matarsa kuma ta ce korona ce har ta ware masa kofi da kwano ta hana yara shiga ɗakin. An yi gwajin maleriya babu, sai wani likita da ya ji daga inda ya taho ya tura mu wani gwajin, aka ce denge. To yanzu abin da muke son sani, ana ɗaukarsa daga mutum kamar korona ne? Wanne ya fi haɗari? Yau ma zazzaɓin ya sauka, Hajiya har ta fara hamdala.

Anti Nas

Wa alaikumus salam. Abban Hanif kafin komai, wannan maganar ta ƙarshe da ka yi ita ta sa na ajiye abin da nake yi. A denge saukar zazzaɓi ba ya nufin an warke, awa 24 zuwa 48 bayan zafin ya sauka shine lokacin da ake sa ido sosai. In ka ga ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, ko jini a dasashi, ko haɓo, ko kashi baƙi, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko hannu da ƙafa sun yi sanyi, kar ku jira gari ya waye, ku kai shi asibiti. Kuma dan Allah ka duba ledar magungunansa yanzu, in akwai ibufurofen ko diklofenak ko asfirin a cire, suna ƙara haɗarin zubar jini. Farasitamol kaɗai, da ruwa da yawa. Zan dawo in na tashi daga aiki.

Sadiku ɗan Indiya

Yaya Allah ya ba shi lafiya. Ni duka biyun na yi lokacin ina karatu a kusa da Delhi, kuma wlh ba su yi kama ba sai a ranar farko.

Denge na fara yi, bayan damina, can daga Satumba zuwa Nuwamba kowa ya san lokacinsa ne, asibitoci cika suke. Lafiya lau na je aji da safe, kafin la'asar ina rawar ɗari, zafin jiki ya kai 40. Abin da ba zan manta ba ciwon bayan ido ne, in zan kalli gefe sai dai in juya kaina gaba ɗaya saboda motsa ƙwayar idon ma azaba ce, ga baya da ƙugu da gwiwa kamar an yi min dukan kawo wuƙa. Sallah a zaune na dinga yi. Babu tari, babu mura, hanci a bushe. Daga baya ƙuraje jajaye suka feso min a hannu da ƙirji, tafin hannu yana ƙaiƙayi. Kullum sai an ɗebi jinina ana duba ƙwayoyin nan masu sa jini ya daskare in an ji ciwo, nawa sun yi ƙasa sosai, har likita ya ce in daina goge baki da buroshi mai tauri. Abokan ɗakina 'yan Indiya suna ta kawo ruwan kwakwa da ruwan ganyen gwanda, ba wanda ya guje ni, a gefen gadona suke cin abinci.

Korona kuma a 2021 ta kama ni, lokacin da Delhi ta shiga tashin hankalin ƙarancin oksijin a Afrilu da Mayu. Ita a hankali ta shigo, maƙogwaro, tari busasshe, kasala, ciwon jikin bai kai na denge ba ko kusa. Amma tsoron ya fi. A ƙofa ake ajiye min abinci a ƙwanƙwasa a tafi, ni da ɗan abin nan na auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa ina ta kallon lamba ko za ta sauko ƙasa da 94. In ka tambaye ni wanne ya fi ciwo, denge ne. Wanne ya fi tayar da hankali, korona ce.

Maman Ilham

Ni denge ban san shi ba sai yau, amma korona kam ta shiga gidanmu a azumin 2020 ana tsaka da kulle. Ina soya albasa da manja don miyar buɗa baki sai yarinyata ta shigo da gudu wai Mama albasa ta ƙone, ni kuwa ina tsaye a kan tukunyar ban ji komai ba. Na ɗauko daddawa na kai hanci, shiru. Na kunna turaren wuta, hayaƙi nake gani kawai. Kunun tsamiya da ruwan famfo duk ɗaya a bakina. Nan jikina ya yi sanyi don a rediyo an faɗi wannan alamar.

Ni da maigida mun tashi, surukina ne bai tashi ba, Allah ya jiƙansa, dattijo mai ciwon suga da hawan jini. Shi ba wani zazzaɓi mai zafi ya yi ba ma, numfashi ne, daga ɗaki zuwa banɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Mun zaga da shi asibiti ya fi ɗaya a daren, wani wurin ƙofa a rufe, wani wurin suna jin an ce numfashi sai su ce babu gado, kuma ban ga laifin ma'aikatan sosai ba don su ma ba su da kayan kariya kuma ana ta kamuwa a cikinsu. Har yau in na ji tsoho yana haki gabana faɗuwa yake. Ƙanshi kuwa ya daɗe bai dawo min daidai ba, da ya fara dawowa ma nama wari yake min.

Baba Malam

Allah ya jiƙansa da rahama, 'yata, ya ba ku haƙuri. Mu da muke bin jana'iza mun ga abin da muka gani a watan Afrilun 2020 ɗin nan. Ranar 11 ga wata aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a Kano, ranar 27 Shugaba Buhari ya sa dokar kulle a jihar, tsakanin nan kuwa dattawa suka dinga tafiya, malamai, 'yan kasuwa, tsofaffin ma'aikata. A maƙabartar Dandolo sai ka kai gawa ka tarar da wasu suna jiran a gama haƙa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa suna da alaƙa da korona. Ni na yi tari da zazzaɓi a lokacin amma ba a gwada ni ba, na sha tazargade da citta da lemon tsami kamar kowa, Allah ya yi da sauran kwana.

Auwalu Kurna

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni fa gsky abin da yake ɗaure min kai, duk shekara in Agusta ta yi rabin unguwarmu a kwance suke, a je kemis a haɗo magani a yi allura uku a tashi. Yanzu kuma a ce akwai wani denge. Anya ba maleriyar ba ce dai aka sake mata suna?

Anti Nas

Na dawo. Auwalu tambayarka tana kan hanya, da yawa haka suke tunani. Maleriya gaskiya ce kuma ita ta fi yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, amma ba kowane zazzaɓi ne ita ba. Maleriya tana da maganinta da yake kashe ƙwayar. Denge ƙwayar bairos ce, maganin maleriya ba ya taɓa ta, maganin taifod ma haka. Mutum zai sha, ya ga bayan kamar mako ya tashi, ya ce maganin ne ya yi aiki, alhali cutar ce ta gama kwanakinta, don yawanci kwana 2 zuwa 7 take yi. Kuma ba sabuwa ba ce a ƙasar nan, tun shekarun 1960 aka gano ta a Ibadan. A Nuwamban 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta tabbatar da ɓullarta a Sakkwato, mutum 13 gwaji ya tabbatar. A shekarar dai Burkina Faso ta yi fama sosai, ɗaruruwan mutane suka rasu, shi ya sa likitan nan da ya ji Wagadugu ya farga, Allah ya saka masa.

Na yi jinyar masu korona a 2020 cikin rigar nan ta leda da azumi a baki, gumi har cikin takalmi. Abin da muke kallo a wajensu numfashi ne da oksijin, kuma sau da yawa sai a mako na biyu mutum yake rikicewa. A denge jini muke kallo da ruwan jiki, saboda jijiyoyin jini suna iya fara yoyo ta ciki. Wata matashiya da muka taɓa karɓa, an yi mata haɗin kemis mai diklofenak a ciki saboda ciwon gaɓoɓi, aka kawo ta tana haɓo da aman jini, an sha wahala kafin ta dawo. Wannan haɗin da ake ƙullawa a farar leda ba suna ba komai shine abin da ya fi ba ni tsoro a garin nan in denge ya yi yawa.

Abban Hanif, batun kofi da kwano, a gaya wa amarya ta kwantar da hankalinta, ta kyauta da ta yi taka-tsantsan amma denge ba a ɗauka ta tari ko yawu ko cin abinci tare. Korona ce ake raba mutum da mutane, a sa takunkumi a buɗe taga. Shi naku daga sauro za ku raba shi. In sauro ya cije shi a makon farko, bayan kwana 8 zuwa 12 sauron zai iya sa wa wani a gidan. Don haka ya kwanta a gidan sauro har da rana, yara su shiga su gaishe shi ba komai. Sannan a gaya masa denge iri 4 ne, wanda ya yi yanzu ya samu kariya daga shi kaɗai, in wani irin ya kama shi nan gaba haɗarin ya fi na farko. Duk likitan da zai gani da zazzaɓi ya faɗa masa ya taɓa yi.

Abban Hanif

Anti Allah ya saka da alheri, na duba ledar akwai ibufurofen kuwa, na cire. Gobe da sassafe za mu koma a sake duba jinin. Gidan sauro da rana ne dai Hajiya ta ce ba ta taɓa ji ba.

Sadiku ɗan Indiya

Yaya a gaya wa Hajiya sauron daban ne. Na maleriya da dare yake fita, wannan kuwa da safe da kuma yamma kafin magariba ya fi cizo, baƙi ne da ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, kuma ƙafa da idon sawu ya fi so. A Delhi ma'aikata har gida suke bi suna leƙa na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa da tukwanen fulawa, in suka ga tsutsar sauro tara ce.

Ummu Abdallah

Wlh wannan sauron na sha ganinsa a gidana a Ɗorayi, ban san shi ne ba. Mu da ruwan famfo ba ya zuwa, daga 'yan ga-ruwa muke saya mu cika duro da randa da bokitai, wani ya yi sati a buɗe. Kwanaki na leƙa duron bayan ɗaki na ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil, in ka taɓa ruwan sai su nutse ƙasa. Ni duk zatona sauro a kwata da kududdufi kaɗai yake haihuwa. Korona na yi ta a 2021 bayan na yi rigakafi, mura ce da kasala kawai ta yi min, amma yarana ƙanana uku, su nake ji, don na ji an ce denge ba ya barin yara kamar yadda korona ta fi ɗaga musu ƙafa.

Anti Nas

Haka ne 'yar uwa, yara suna iya yin mai tsanani, su da masu ciki. Sauron ruwa mai tsabta yake so, irin na randa da duro. Kuma zubar da ruwan kaɗai bai isa ba, ƙwansa a jikin bangon duron yake maƙalewa kuma yana iya yin watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Sai an sa soso an dirje, sau ɗaya a mako, sannan a rufe da murfi ko a ɗaure bakin da ƙyalle. A duba kaskon ruwan kaji da tattabaru, da gwangwanaye, da bayan firiji.

Auwalu Kurna

To ni faci nake yi, tsofaffin tayoyi sun fi ashirin a bayan rumfata kuma duk damina ruwa ne a cikinsu, sauro kuwa da rana tsaka yake cin ƙafata ni da yaran shago. Anti in na huda su ta ƙasa ruwan ya dinga zuba ya wadatar, ko sai na kwashe su gaba ɗaya? Don wasu na masu kaya ne ba zan iya yar da su ba.

Anti Nas

Waɗanda ba za su ƙara amfani ba ka huda su ko ka sayar wa masu yin guga da takalmi. Na mutane kuma ka zubar da ruwan, ka jera su a ƙarƙashin rumfa ka lulluɓe da tamfol yadda ruwan sama ba zai shiga ba. Ka gaya wa sauran masu facin layinku ma, don sauron ba ya tafiya nesa, inda aka haife shi nan yake cizo.