Musayar waƙa: gadar ciyawa ta jikokin Inka, tsohuwar daular Peru

Mai Tufka:
Sallama gare ku 'yan majalisa,
A Peru, lardin Kanas can nesa,
Kogin Apurimak na ruri a ƙasa,
Gadar Q'eswachaka, tsawon mita 28, na bisa,
Ta yaya ciyawa ke zama gadar tafiya?

Uwar Zana:
Malam, ciyawar q'oya ake yanka,
Ta sha rana, a sa dutse a daddaka,
A jiƙa ta sannan a hau tufka,
Busasshiya tsinkewa take a hannunka,
Mata ke murza ta siririyar igiya.

Sirara 30 ake haɗawa,
A murɗe, maza na ja tana miƙewa,
Uku irinta ake kitsewa,
Shida ake so kafin tsayawa,
Huɗu na taku, biyu na dafawa a tafiya.

Ɗan Gayya:
Yaya, kin bar mana ranar aiki:
Yunin kowace shekara, ƙauyuka huɗu ke ɗauki,
Kwana 3 gayya, na huɗu biki.
Kar a yanke tsohuwa da gaggawar saki,
A kanta ake ƙetarar da sabuwar igiya.

Sai an ɗaure a dutsen gaɓa biyu tam,
Sannan tsohuwar ta faɗa kogi tsundum.
In igiyar taku ɗaya cikin huɗun ta yi sako-sako,
Gadar ta karkace, mai taku ya sha wuya.

Mai Tufka:
Ƙanena, ƙasar nan ta ga bala'i,
Basarake Tupak Amaru na biyu ya ce wa mulkin Sifaniya a'a a kai,
1780 ya tashi da mutanen karkara dai,
1781 Sifaniyawa suka kashe shi a Kusko sarai,
Suka hana tufar Inka, harshen Kecuwa ya sha wuya.

Uwar Zana:
Malam, UNESCO ta sa saƙar gadar a kundin al'adun duniya a 2013,
Amma takarda ba ta riƙe gada ko kusa.
2020 korona ta hana gayyar tata,
Maris ɗin 2021 ta ruɓe ta zube ƙasa,
Ruwan shekara biyu ya fi ƙarfin igiya.

Ɗan Gayya:
Yunin shekarar suka komo da tufka,
Gwanaye biyu, kowa da gaɓarsa ya ɗauka,
Zaune kan igiya suna saƙa,
Daga madafa zuwa mataki suna ɗinka,
Har su haɗu a tsakiya.