Sai an sayi mahaɗai Google ke ganin shafi?

Alhaji Mamman: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shafin intanet da muka buɗe wa ƙungiyarmu ta dukawa nan Wadata a Yamai har yanzu ba ya fitowa a Google, ko da na rubuta cikakken sunan ƙungiyar. Wani yaro ya same ni a shago, ya ce dalili shi ne babu wasu shafuka da ke nuno namu. In na ba shi jika 30 na sefa, zai sa mahaɗinmu, wato adireshin da ake latsawa a shigo shafinmu, a shafuka 1,000 cikin mako guda. Ni dai na gamsu. Google kasuwa ce, wanda bai biya kuɗin rumfa ba ba ya samun wurin baje kaya.

Nafisa: Wa alaikumus salam. Baba Alhaji, don Allah ku dakata da biyan kuɗin nan. Shigar shafi cikin kundin Google daban, hawansa sama cikin sakamakon bincike daban, kuma na farkon ba a biyan ko dala. Ku buɗe Google ku rubuta site: ku liƙa masa adireshin shafin ba tare da tazara ba, ku faɗa mana abin da ya fito.

Alhaji Mamman: Na rubuta, ɗiyata. Babu ko ɗaya.

Nafisa: To Google bai ma shigar da ku ba ke nan. In an kulle shafin daga ciki, mahaɗi dubu ba zai buɗe shi ba.

Ibro: Nafisa, kar ki raina maganar yaron nan. A kan mahaɗai aka gina Google. Larry Page da Sergey Brin sun kafa shi a 1998 da dabarar PageRank, wadda ke auna darajar shafi da yawa da kuma nauyin shafukan da ke nuno shi. Manhajarsu mai yawo cikin intanet ma ta mahaɗi take bi ta gano sabon shafi. Wanda ba kowa ya nuno shi, ta ina za ta bi ta iske shi?

Nafisa: Ta hanyar da Google da kansa ya buɗe, Yaya Ibro. Ana yin rajista kyauta a Search Console, wato dandalin da Google ya tanada wa masu shafuka, a tabbatar shafin naka ne, a miƙa taswirarsa, wato jerin adireshin duk sassan da ke ciki. Akwai wurin da ake liƙa adireshi ɗaya a nemi a zo a duba shi, kuma in akwai abin da ya hana, a nan zai faɗa. Baba, da manhajar gina shafi ta WordPress aka yi muku shafin?

Alhaji Mamman: Haka ɗan ƙanena ya ce.

Nafisa: To ya shiga saitin karatu. Akwai wani ɗan akwati da ake danna wa alama don a nemi injunan bincike su ƙyale shafin. Masu gini kan danna shi lokacin da suke aiki, su miƙa wa mai shi ba su cire ba. Daga nan zan fara dubawa.

Malam Habu: Ina goyon bayanta, kuma zan ƙara. Shafuka 1,000 a mako guda ba mutane ne za su rubuta ba, na'ura ce za ta watsa adireshinku a ƙarƙashin sharhunan shafukan caca da na tallan magani, cikin harsunan da ba ma ji. Tun 2012 Google ya fito da sauyin da ake kira Penguin domin irin wannan aikin. Sunan dukawan Wadata bai dace da waɗannan wurare ba.

Ibro: Malam, amma daga 2016 Penguin ya koma watsi da mahaɗan banza maimakon ya danne shafin gaba ɗaya. Iyakar hasarar Alhaji jika 30. Kuma mu faɗi gaskiya, manyan kamfanoni na saye.

Malam Habu: Jika 30 fatu nawa ne wurin majema? Sannan har yau ma'aikatan Google na iya hukunta shafi da hannu in sun ga an sayi mahaɗai, su aiko da sanarwa ta Search Console. Babban kamfani yana da wanda zai zauna ya share. Alhaji wa yake da shi?

Alhaji Mamman: To in na biya jarida ta yi mana talla ta sa mahaɗinmu, shi ma laifi ne?

Nafisa: A'a Baba. Talla halas ce, sharaɗin a yi wa mahaɗin alamar cewa na kuɗi ne. Google ya fito da alama ta musamman don haka a 2019. Zai kawo masu saye, amma kar ku sa rai zai ɗaga ku a sakamako. Mafi yawan mahaɗan Facebook ma haka suke.

Hajiya Zainabu: Ni na buɗe shafin a wayata yanzu. Hotunan jakunkuna da takalma ne jere, masu kyau ƙwarai, amma ƙarƙashin kowane babu komai sai lamba. Ba sunan kaya, ba farashi, ba a ce Yamai ba. Mai neman jakar fata ta Nijar kalmomi yake rubutawa, kuma kalmomi Google ke karantawa. Alhaji, ku da kuka san yadda ake jima da bagaruwa, kuka san dalilin da ya sa fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai, me ya hana ku zauna da ɗan ƙanen naku ya rubuta wannan, da Hausa da Faransanci, kowane a sashensa? Da hoton hannun baduku yana huda da basilla, da bayanin yadda ake rina ja da baƙi. Ɗan jarida ko ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni da ke neman bayani zai nuno ku da kansa. Matanmu da ke baje kaya a SAFEM, bikin baje kolin sana'o'in hannu na mata, su ma su roƙi masu shiryawa su sa adireshin kusa da sunansu, haka duk mai saro kayanku yana sayarwa a waje.

Ibro: Wannan hanya gaskiya ce Hajiya, amma tana cin watanni, kuma Alhaji ciniki yake so yanzu. Ni har yanzu ina ganin in an samu shafuka biyu ko uku masu mutunci an biya su a asirce, yana aiki.

Malam Habu: Yana iya aiki har ranar da aka gano. Ni ba zan ba dattijo shawarar abin da sai an ɓoye ba.

Alhaji Mamman: Ɗan ƙanen nawa ya turo hoto, akwatin nan a danne yake, ya cire yanzu. Yaron mai mahaɗai kuma ban sallame shi ba, na ce ya jira mu ga abin da wata guda zai nuna. Nafisa, ki biyo ta shago ran Asabar bayan la'asar ku yi rajistar nan tare. Hajiya, wa za mu samu ya rubuta mana na Faransancin?